Ƙara wa Keken Lantarki Gudu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwantirola da Batir

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan lantarki suka fara yawa a titunan Katsina, musamman tsakanin ɗalibai da ma'aikatan da ke bin hanyar Dutsin-Ma kullum safiya. Mai keke yakan yi 'yan watanni yana jin daɗin rabuwa da gidan mai, daga nan sai ya fara jin ciwon yadda 'yan acaba ke wuce shi fuu, ya nufo wurin mai gyara da buƙata ɗaya: a ƙara masa gudu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu irin wannan keke.

Me ke hana kekena wuce kilomita 25 ko 30 a awa?

Ko dai an sa masa takunkumi tun daga masana'anta, ko kuma iyakar ƙarfin batirinsa ke nan. Yawancin kekunan da ke shigowa ƙasar nan a Sin ake ƙera su, kuma ana saita su ne bisa dokokin ƙasashen da suka fi saye. A Tarayyar Turai keken lantarki na yau da kullum ba ya wuce wat 250 da gudun kilomita 25 a awa. A Amurka an yarda da wat 750 da wajen kilomita 32.

Gane wanne ne matsalarka ba wuya. Ka cika batir, ka ɗaga tayar da injin yake ciki sama, ka murɗa totur har ƙarshe kana kallon allon gudu. Idan lamba ta hau ta tsaya cak a 25 kamar an riƙe ta, takunkumi ne. Idan kuwa a sama ta kai 38 ko 40, amma a kan kwalta da kai a bisa ba ta wuce 28, to ƙarfi ne bai isa ba. Kafin ka kashe ko kwabo, duba iskar taya da birkin da ke gogar ƙafa, don su ma suna cin gudu ba tare da an lura ba.

Ana iya cire takunkumin ba tare da an sayi komai ba?

Sau da yawa ana iyawa. Kwantirola ita ce akwatin da ke daidaita wutar da ke tafiya daga batir zuwa injin. Wasu kwantirola suna da siririyar waya guda biyu, galibi fara ko toka-toka, da suka fito daga akwatin aka sake haɗa su da juna. Raba su kawai yana sakin gudun. Wasu kuma a cikin saitin allo aka ɓoye abin. Akwai masu maɓallin mataki uku da aka bari a na ɗaya ko na biyu.

Ka yi hattara da dabarar canza girman taya a saitin allo don lamba ta nuna 45. Wani lokaci allon ne kawai yake ƙarya, keken na nan yadda yake. Ka gwada da GPS na wayarka. Idan kuma keken sabo ne mai garanti, taɓa waɗannan wayoyi na iya sa mai shago ya ƙi karɓarsa in ya lalace.

Maigida, wai mene ne bambancin bolt da amp da wat da ake ta faɗa?

Ɗauki tankin ruwa da aka ɗora bisa bene. Tsayin da aka ɗora shi shi ne bolt, wato ƙarfin da ruwan ke fitowa da shi. Faɗin bututu shi ne amp, yawan abin da ke wucewa a lokaci guda. Girman tankin kuma shi ne Ah da kake gani a jikin batir.

A keke, bolt ne ke yanke iyakar saurin da injin zai iya juyawa. Amp shi ke ba da ƙarfin ja, wato tashi daga tsaye, hawan tudu, ratsa rairayi, ɗaukar goyo. Wat kuwa bolt ne sau amp: kwantirola mai 15A a kan batir 48V tana jan wat 720. Idan ka ninka bolt da Ah sai ka sami yawan wutar da batir ke ajiyewa, misali 48V sau 20Ah ya ba da 960Wh, kuma wannan ne ke faɗa maka nisan da za ka yi. Mutane da yawa suna rikita 20Ah da 20A. Ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan rikicin ya ƙona wa mutane kuɗi masu yawa.

Idan na sa babbar kwantirola kaɗai, gudu zai ƙaru?

Kaɗan ƙwarai, wani lokaci ma ko kaɗan. Idan ka cire mai 15A ka sa mai 25A a kan batirin nan dai, abin da za ka ji shi ne keken yana fizgar ka wajen tashi, yana hawa tudu ba nishi. Amma iyakar gudu tana nan kusa da inda take, domin bolt bai canza ba. Inda babbar kwantirola ke ƙara gudu na gaske shi ne keken da gwajin amsar farko ya nuna yana gudu a sama amma yana kasawa a ƙasa, musamman ga mai jiki ko mai yawan goyo.

Ka kuma sani cewa zafin da ke taruwa a kwayil ɗin injin ba daidai da amp yake hawa ba. Idan ka ninka amp sau biyu, zafi yana ninkuwa sau huɗu. Duba amsar da ke magana kan jurewar injin.

To idan na ƙara bolt fa, nawa zan samu?

Lissafin kai tsaye ne. Daga 36V zuwa 48V ƙarin kashi 33 cikin ɗari ne, don haka keken da ke yin 30 zai iya kusantar 40. Daga 48V zuwa 52V ƙarin wajen kashi 8 ne kawai, daga 48V zuwa 60V kuma kashi 25. A kan hanya za ka sami ƙasa da haka kaɗan saboda iska.

Ga inda haɗarin yake. Lambar da aka rubuta a jikin batir ba ita ce ƙarfinsa idan ya cika ba. Batirin lithiyam ƙananan ƙwayoyi ne da aka haɗa jeri-jeri, kuma kowace ƙwaya ta yau da kullum tana kaiwa 4.2V in ta cika. Batirin 36V mai jeri 10 yana kaiwa 42V, na 48V mai jeri 13 yana kaiwa 54.6V, na 52V mai jeri 14 yana kaiwa 58.8V, na 60V mai jeri 16 yana kaiwa 67.2V, na 72V mai jeri 20 kuma har 84V. Idan ka kwance murfin kwantirola za ka ga kwandansa zagayayyu a tsaye, an rubuta iyakarsu a jiki, galibi 50V ko 63V ko 100V. Kwantirolar 48V mai kwandansa 63V tana iya ɗaukar batirin 52V, ko da yake tazarar ba ta da yawa. Ka jona mata na 60V kuwa, sai dai ka ji fus da warin ƙuna, wani lokaci tun kafin ka murɗa totur. Shi ya sa ƙarin bolt mai ma'ana kusan kullum yana tafiya tare da sabuwar kwantirola, da sabuwar caja, da duba ko allo da fitila da ham za su ɗauki sabon ƙarfin.

Kekena batirin dalma ne da shi guda huɗu. Ba zan iya ƙara na biyar ba kawai?

Wannan ita ce dabarar da aka fi yi a gari don ta fi arha, kuma ba na son ta. Huɗu masu 12V sun ba da 48V, biyar sun ba da 60V, amma idan sun cika suna haura 65V, wato sun wuce kwandansa mai 63V. Ban da haka, sabon batir a cikin tsofaffi huɗu ba sa cika tare, ba sa ƙarewa tare, sai mai rauni a cikinsu ya kumbura ya ja sauran. Idan lallai dalma za ka zauna a kai, ka sayi biyar sababbi iri ɗaya rana ɗaya, da kwantirola da caja na 60V.

Ka kuma yi la'akari da nauyi. Batirin dalma 48V 20Ah yana haura kilo 25, na lithiyam mai wannan girman kuwa bai cika wuce kilo 6 ko 7 ba. Dalma tana kuma durƙushewa idan aka ja ta da ƙarfi: kana murɗa totur bolt ya faɗi. Mutane da dama da suka koma lithiyam a kan 48V ɗin nan dai sun tarar keken ya wartsake har ba su ƙara neman 60V ba.

Ta yaya zan gane batirin lithiyam mai kyau?

A nan ne ya kamata mafi yawan kuɗinka su tafi, a nan ne kuma aka fi cutar mutane. Tambayi mai sayarwa abu uku: wace ƙwaya ce a ciki, guda nawa, kuma BMS ɗin amp nawa yake ɗauka. BMS shi ne ɗan allon da ke cikin batir yana tsaron ƙwayoyin, yana yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko an ja fiye da ƙima. Dole ƙarfinsa ya kai ko ya wuce na kwantirola. BMS mai 20A a bayan kwantirola mai 30A zai riƙa kashe maka keke a tsakiyar titi.

Ƙwayoyin da aka fi amfani da su su ne 18650 da 21700, kuma masu sunan kirki su ne irin su Samsung, LG, Panasonic da Molicel. Ko a cikinsu akwai bambanci. Samsung 35E tana ajiye 3500mAh amma 8A take bayarwa, 30Q kuma 3000mAh ce amma tana ba da 15A. Batirin 48V mai ƙwaya 52 na 35E, wato jeri 13 kowane da huɗu, zai ba ka wajen 14Ah da 32A. Duk ƙwayar 18650 da ka ga an rubuta mata 6000mAh ko 9900mAh jabu ce, babu irinta. Ɗaga batirin ma ka ji: wanda aka ce 48V 20Ah ne amma bai kai kilo 3 ba, ƙarya aka rubuta.

Sai batirin da ake harhaɗawa da ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci. Na san arharsa ce ke jan mutane, kuma na san halin da aljihu yake ciki. Amma waɗannan ƙwayoyi ba a yi su don jan 25A ba, shekarunsu ba ɗaya ba, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Don fitila ko fanka suna iya amfani. Ƙarƙashin sirdin da kake zaune a kai, a'a. Ga mai hali, irin lithiyam ɗin da ake kira LiFePO4 ya fi dacewa da zafinmu. Ya fi nauyi da girma, amma ya fi daɗewa kuma ba ya saurin kama wuta. Cajarsa daban ce: mai jeri 16 yana cika ne a 58.4V.

Wace kwantirola zan saya?

Wadda bolt ɗinta ya dace da batirinka, amp ɗinta kuma bai wuce abin da BMS da injin za su ɗauka ba. Yawan tiransiston da ke cikinta yana nuna ƙarfinta: mai 6 tana zama wajen 15A zuwa 18A, mai 9 wajen 22A zuwa 25A, mai 12 kuma 30A zuwa 35A. Ga injin mai wat 350 ko 500, mai 9 ta wadatar. Akwai masu tafiyar da injin shiru da laushi, akwai masu arha da ke sa shi gurnani wajen tashi. Na farkon sun fi daɗin hawa.

Ka saye ta tare da allonta. Allon wani kamfani ba lallai ya yi magana da kwantirolar wani ba, misali allon KT da kwantirolar KT yake aiki. Ka kuma duba iyakar da take yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, wajen 31V ga ta 36V, wajen 41V ko 42V ga ta 48V. Idan ka ɗaura ta, ka sa ta inda iska ke bugunta. Kada a cusa ta cikin jaka ko a naɗe ta da leda don tsoron ruwan damina, zafi zai kashe ta kafin ruwa.

Zan iya haɗa wayoyin da kaina?

Idan kana da mita kuma ka saba riƙe ƙarfen dalma, za ka iya. Ka fara ɗaukar hoton kowane soket kafin ka cire komai, ka kuma cire batir. Daga injin akwai wayoyi masu kauri uku, rawaya da kore da shuɗi, sai sirara biyar na sansa, wato abin da ke gaya wa kwantirola yadda injin yake juyawa: ja, baƙa, da waɗancan launuka uku. Totur yana da uku, ɗaya tana kawo 5V, ɗaya ta ƙasa, ɗaya kuma tana mayar da saƙo daga wajen 0.8V zuwa wajen 4.2V gwargwadon murɗawarka.

Launi da launi ba kullum yake dacewa ba tsakanin kamfanoni. Tsakanin masu kauri uku da sirara uku akwai hanyoyin haɗawa 36, kaɗan ne daidai. Alamar kuskure ita ce taya ta riƙa kakkarwa, ko ta yi baya, ko ta juya da ƙara wayoyi suna ɗaukar zafi. Kwantirola da yawa yanzu suna da wayoyi biyu na koyo: ka ɗaga taya, ka jona su, injin ya juya da kansa ya gane tsarin, sai ka raba su. Ja da baƙar batir kam, auna su da mita sau biyu, domin juya su sau ɗaya ya isa ya ƙona kwantirola nan take. Kada a murɗe waya da hannu a naɗe da tef. A yi mata dalma, a sa soket mai ƙarfi irin XT60 ko XT90, a sa fiyus kusa da batir. Wayar birki mai yanke wuta kuma kada a bar ta tana reto don gaggawa.

Wani ya ce zai ɗiga dalma a cikin kwantirola ta ƙara ƙarfi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, tana ƙaruwa. Akwai 'yar waya mai kauri a ciki da kwantirola ke auna amp da ita. Idan aka shafa mata dalma, sai ta ɗauka kaɗan take ja alhali tana jan da yawa. Matsalar ita ce babu wanda ya san nawa ya ƙaru, kuma abin da aka ruɗa ɗin shi ne mai kāre tiransistocin daga ƙonewa. Sayi wadda aka ƙera don amp ɗin da kake so.

Injin nawa zai jure kuwa?

Ya danganta da irinsa. Ƙaramin injin mai giya a ciki yana da haƙoran roba, waɗanda ke narkewa ko su ɓare idan aka matsa masa. Babban injin marar giya ya fi haƙuri, yana iya ɗaukar fiye da abin da aka rubuta masa na ɗan lokaci. Ka tura keken baya: mai giya za ka ji yana ɗan riƙewa da ƙarar giya, a gaba kuma ya tafi sakayau.

Abin da ke kashe injin zafi ne, mu kuma a nan daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40. Injin da zai yi lafiya a hunturu yana iya dahuwa a bazara da aiki iri ɗaya. Ba gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne ya fi gasa shi ba. Abin da ya fi gasa shi shi ne tafiyar hawainiya da totur a murɗe har ƙarshe, kamar ratsa rairayin lungu da goyo ko da buhun hatsi a baya. Bayan tafiyar minti 15 ka ɗora tafin hannu a jikin injin. Idan ba za ka iya barinsa na 'yan daƙiƙoƙi ba, ka rage amp. Zafi mai yawa yana raunana maganaɗisun ciki, kuma ba ya dawowa.

Bayan gyaran, caji ɗaya zai kai ni Daura?

Tsakanin Katsina da Daura wajen kilomita 80 ne. Ƙarfin da ake buƙata don ratsa iska yana hawa fiye da yadda ake zato: ninka gudu daga 25 zuwa 50 yana neman kusan ninki takwas. A ƙiyasi, keke mai tafiya da totur kaɗai yana cin 12Wh zuwa 15Wh a kowace kilomita idan ana 25, amma a 45 yana iya cin ninki biyun haka. Batir mai 960Wh ke nan zai iya kusantar Daura a hankali, amma da gudu da ƙyar ya kai wajen Mashi. Iskar hunturu idan ta fuskance ka ta ƙara rage nisan. Ga mai zirga-zirga daga Ƙofar Ƙwaya zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dawo, wannan ba damuwa ba ce. Mai doguwar tafiya kuwa Ah ya kamata ya ƙara kafin bolt.

Tsohuwar cajata za ta yi?

A'a, idan bolt ko irin batir ya canza. Karanta abin da aka rubuta a bayan caja: dole ya yi daidai da lambar cikar batirinka da aka kawo a amsar ƙarin bolt. Cajar dalma ba ta hawa lithiyam ko da bakin soket ɗinsu ya zo ɗaya. Batir 20Ah a kan caja mai 3A yana ɗaukar wajen awa 7.

Kada ka jona caji kana saukowa daga keke da rana. Bar batirin ya huce rabin awa a inuwa, domin lithiyam ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45. Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, ko a kwanta barci a bar shi. Siminti ya fi tabarma ko katifa. Mai caji da janareta ya bari ya daidaita kafin ya jona, ya kuma zare kafin a kashe. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotsa, ko yake wani wari, a fitar da shi waje nesa da mutane da kayan wuta.

Ban da kwantirola da batir, me kuma ya kamata in canza?

Birki, kuma shi za ka fara. Nisan da keke ke yi kafin ya tsaya yana kusan ninkuwa biyu daga 25 zuwa 35, ya ninku huɗu a 50. Ka tuna abin da ke kan titunanmu: akuya ta faɗo daga lungu, yara sun taso makaranta, mai Keke Napep ya tsaya ba sigina, ga rairayi kwance a gefen kwalta. Birkin roba na keken feda bai isa ba. A sa na faifai, mai 180mm in zai shiga, wanda ke aiki da mai in da hali.

Sai wurin da ƙarfen tsakiyar injin yake zaune a jikin keke. Ƙarin amp yana murɗa shi da ƙarfi har ya buɗe bakin wurin, ya tsinke wayoyi, taya ta fita. A sa masa ƙarfen tallafi mai kauri da ke riƙe shi, musamman idan injin a gaba yake kuma jikin keken alminiyam ne. A duba taya, a ɗaure sifoka, a sa fitila mai haske da hular kwano. Keken da ke yin 50 babur ne a aikace, don haka kada ka yi mamaki idan jami'in kula da hanya na FRSC ko KASSAROTA ya dube shi da wannan ido. A ganina, ga jikin keke na yau da kullum, 35 zuwa 40 ya isa.

An gama aikin, amma keken yana ɗaukewa idan na murɗa totur da ƙarfi. Me ya faru?

Kalli allo a lokacin da ya ɗauke. Idan allon ma ya mutu gaba ɗaya, sai ka kashe ka kunna ya dawo, BMS ne ya yanke don kwantirola ta ja fiye da ƙarfinsa, ko kuma wani soket ya saki; taɓa su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi zafi shi ne. Idan allo yana kunne injin ne kawai ya saki, to bolt ne yake faɗuwa har ƙasa da iyakar kwantirola. Jona mita a bakin batir, ka riƙe keken kada ya tafi, ka ɗan murɗa totur: batirin 48V da ya faɗi da fiye da 5V ya gaza, ko ƙwayoyinsa ba su kai aikin ba.

Idan sai bayan tafiya mai nisa yake yi, zafi ne, ka koma amsar jurewar injin. Wani lokaci kuma hannun birki ne bai koma daidai ba, sansarsa tana gaya wa kwantirola ana taka birki. Mafi yawan allo suna da wurin rage amp a saiti. Sauke shi da 3A ko 5A ka sake gwadawa kafin ka sayi wani abu.